Kurakuran da Ke Buɗe wa Gobara Hanya a Cikin Gini, da Yadda Ake Gyara Su

Idan aka yi maganar kariyar gobara, jar tukunyar nan da ake ratayewa a bango ita ke fara zuwa ran mutane. Tana da amfani, sai dai tana buƙatar mutumin da yake a farke, yana kusa, kuma ya iya aiki da ita. Akwai wata kariyar da ba ta jiran kowa, wato ginin kansa: bango, dakin (wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa), ƙofa da rufi. Aikinsu shi ne su tsare wuta da hayaƙi a ɗakin da suka tashi na minti 30, ko 60, ko 120, har mutane su fita, 'yan kwana-kwana su iso. Waɗannan mintoci a tanderu ake auna su. A gwajin ISO 834, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na gwada juriyar sassan gini ga wuta, zafi yana kaiwa digiri 842 na Salshiyos a minti 30, ya kai 945 a cikar awa guda, ana duba ko harshen wuta ya ratsa, ko bayan bangon ya yi zafin da zai kunna kayan da ke jingine da shi.

Bulo mai inci tara, idan na kirki ne kuma an yi masa filasta ciki da waje, ba ƙaramin jarumi ba ne a gaban wuta. Matsalar gine-ginenmu ba kasafai take fitowa daga bulon ba. Daga inda aka tsayar da shi take fitowa, da kuma ramukan da ake huda masa bayan birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Bangon da ya tsaya a silin

A jerin shaguna, da gidajen haya masu ɗaki ciki da falo, da azuzuwan makarantu, magini kan kai bangon tsakani daidai inda za a yi silin ya tsaya. Mai gida ya ga an rage masa layi uku ko huɗu na bulo, ya yi murna. Wanda ya leƙa saman silin zai ga fili guda ne daga farkon jerin zuwa ƙarshensa, cike da busasshen katakon rufi da wayoyin lantarki. Wuta ta tashi a shago ɗaya, ta cinye silin cikin mintoci (na PVC ma narkewa yake yi yana ɗigowa da wuta), ta hau sama, ta bi ƙarƙashin kwano, sai ta riƙa saukowa cikin shagunan da ƙofofinsu ke kulle. Da iskar hunturu a bayanta, kafin a farfasa kwaɗo uku ta wuce shago na goma. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ya san saurin da wuta ke yi a gine-ginen da ke manne da juna.

Gyaran shi ne a kai bangon har ya taɓo kwano, a yi masa filasta a can saman ma, ko da ba wanda zai gani. Gibin da ke tsakanin kan bango da lanƙwasar kwano a cike shi da audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. An fi so a sa ta a nan domin kwano yana motsi da zafin rana, siminti kuwa tsagewa zai yi ya zube. Wanda ya fi wannan shi ne a ɗaga bangon ya zarce rufin, kowane ɓangare da nasa katakon, domin katako guda da ya ratsa bango daga shago zuwa shago zai kai wutar da kansa. A tsohon gini ma ana iya yi: a cire kwano layi ɗaya a ƙarasa bulon, ko a kafa allon jibsam mai jure wuta a cikin rufin. Idan kuɗi bai kai a yi wa kowane shago ba, a yanka jerin bayan kowane shago uku ko huɗu.

Ramukan da ake hudawa daga baya

Nan ne aka fi yin ɓarna. Mai wayarin ya zo ya sassaƙe bango, falamba ya huda dakin don bututun bayan gida, mai AC ya yi nasa ramin, bayan shekara mai sola ya zo, mai kyamara ya biyo shi. Kowa ya wuce da kayansa ya bar ramin ya fi abin da ya ratsa faɗi, kuma babu wanda aka rubuta wa toshe shi a cikin aikinsa. Ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Alhaji, ai POP zai rufe." Zai rufe wa ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, hayaƙi kuwa gibin da yatsa zai shiga ya ishe shi.

Masu ɗan ƙoƙari sukan cusa buhun siminti, ko kwali, ko guntun soson katifa, su shafe da filasta. Wannan makamashi aka ajiye wa wuta a daidai ƙofar da za ta bi. Na zamani kuma su fesa kumfar gwangwani mai kumbura. A ranar 22 ga Maris, 1975, a tashar nukiliya ta Browns Ferry da ke jihar Alabama a Amurka, ma'aikata suna duba ko iska na tsiyaya ta ramin wayoyi, suka kusanta kyandir, kumfar da aka toshe ramin da ita ta kama. Wutar ta bi wayoyin ta shige ɗaya ɓangaren, ta yi kusan awa bakwai, ta lalata wayoyi fiye da 1,600, ciki har da na na'urorin tsaron tashar. Ko gwangwanin da aka rubuta wa "mai jure wuta", a kan siririn gibi tsakanin bango da bango ko gefen firam ɗin ƙofa aka fi gwada shi. Cika babban rami mai wayoyi da shi kuskure ne, duk jan launin da yake da shi.

Kuskuren da ya fi yaudara shi ne na bututun roba. Falamba ya zagaye bututun PVC mai inci huɗu da siminti, ya yi sumul, kowa ya yaba. Amma PVC tun wajen digiri 80 yake fara laushi. Wuta na zuwa bututun zai narke ya faɗo, simintin ya tsaya daram, a bar ka da rami mai inci huɗu a tsakiyar dakin, kai tsaye zuwa benen sama. Abin da ake sa wa bututun roba shi ne zoben ƙarfe mai sinadari a ciki, wanda zafi ke sa ya kumbura ya matse bututun ya toshe ramin. A dakin, daga ƙasa ake ɗaura shi, domin daga nan wuta ke zuwa. A bango kuwa sai an sa a ɓangarori biyun. Kuma da ƙusar ƙarfe mai kama kankare ake kafa shi. Idan aka yi amfani da 'yar robar nan da ake cusawa kafin a ɗaura sukuru, ita za ta fara narkewa, zoben ya faɗo kafin ya yi aiki.

Bututun ƙarfe ba ya narkewa da wuri, amma yana ɗaukar zafi ya kai ɗaya ɗakin. Shi ana cusa audugar dutse a zagaye shi da kyau, a rufe fuskar da man toshiya mai jure wuta, wani lokacin a naɗe ɗan tsawonsa da audugar. Silikon ɗin da ake sa wa gilashi da bahon wanka ba shi ba ne. Bututun tagulla na AC yana zuwa da baƙin soso a jikinsa, soson zai ƙone ya bar gibi a zagaye, don haka shi ma sai an naɗa masa ƙyalle mai kumbura. Inda wayoyi suke da yawa kuma ana yawan ƙara wasu, kamar ɗakin inbata da batura, ana sa allon audugar dutse mai fenti na musamman, ko 'yan matasai masu kumbura da za a iya cirewa a mayar. Ƙa'idar da ke kan dukkansu ita ce, ba a gwada man toshiya shi kaɗai. Ana gwada shi ne tare da irin bangon, da irin bututun, da faɗin ramin, da zurfin da aka cika, bisa ma'auni irin su EN 1366-3 ko UL 1479. Ka nemi takardar gwajin daga mai sayarwa, ka duba ko yanayin da aka gwada ya yi daidai da naka.

Ƙaramin abu: kada a kafa akwatin soket na wannan ɗaki baya da baya da na maƙwabcinsa a cikin bulo ɗaya. A gusa ɗaya gefe.

Ramin da ya tashi daga ƙasa har sama

A bene ana barin kogo guda da bututu da wayoyi ke bi zuwa kowane hawa. Idan ba a toshe shi a daidai kowane dakin ba, ko ba a kewaye shi da bango da ƙofa masu jure wuta ba, hayaƙi zai hau ta cikinsa ya riga kowa isa sama. A otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas, ranar 21 ga Nuwamba, 1980, wuta ta tashi a wurin cin abinci a ƙasa. Mutum 85 suka rasu, mafi yawansu a benayen sama inda wutar ba ta kai ba. Hayaƙi ne ya same su ta ramin lif, da matakala, da gibin mahaɗar gini, da bututun iska. Bututun iska da ya ratsa bangon kariya yana buƙatar murfin da ke faɗowa da kansa idan zafi ya kai digiri 72, da 'yar taga da za a riƙa duba shi ta ciki.

Ƙofa

Ƙofar ƙarfe ta tsaro, irin ta Turkiyya da ake yayi, ɓarawo aka yi ta don ta hana. Sai in tana da shaidar gwaji za a kira ta ƙofar wuta, kuma ƙyaure da firam da hinji tare ake gwada su, tare ake sayen su. Gibin gefe da na sama ya tsaya tsakanin milimita 2 zuwa 4, hinji uku na ƙarfe, da siririn layi mai kumbura a gefen, sannan a toshe bayan firam ɗin.

Duk wannan banza ne idan ƙofar a buɗe take. Sau da yawa za ka ga an cire hannun da ke mayar da ita don yana buga ta da ƙarfi, ko an tokare ta da dutse saboda zafi, wani wurin ma da tukunyar kashe gobarar aka tokare. A gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni, 2017, inda mutum 72 suka rasu, kwamitin bincike ya gano cewa na'urorin rufe ƙofofin gidaje da dama sun lalace ko babu su, hayaƙi ya cika barandojin da ke kaiwa ga matakala ɗaya tilo ta ginin. Idan hannun yana bugawa, daidaita shi ake yi. Inda dole ƙofa ta zauna a buɗe, akwai maganaɗisu da ke sakin ta da zarar ƙararrawa ta yi ƙara.

Abin da ya kai wutar Grenfell daga hawa na 4 zuwa ƙololuwa shi ne farantan alminiyam masu roba a tsaki da aka lulluɓe ginin da su. Irin wannan ado ya cika fuskar filazoji da gidajen mai a garuruwanmu. Mai saye ya tambayi abin da ke tsakin farantin, kuma a toshe gibin da ke bayansa a daidai kowane hawa.

Ƙarfe ba ya cin wuta, amma yana rasa kusan rabin ƙarfinsa tsakanin digiri 550 da 600. Ginshiƙin ƙarfe na sito ko zauren taro yana buƙatar fenti mai kumbura da aka auna kaurinsa, ko a lulluɓe shi da allo ko kankare. Rodin cikin dakin ma kankaren da ya rufe shi ne kariyarsa, shi ya sa biskit ɗin da ake sa masa a ƙasa kafin zuba kankare ba abin rainawa ba ne.

Wa zai toshe?

A ganina wannan tambayar ta fi kayan aikin muhimmanci. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma kundi ba ya hawa tsani ya leƙa silin. Tun a zane injiniya ya nuna bangayen da aka ɗora wa aikin tsare wuta, a ja musu jan layi. A rubuta toshe ramuka a lissafin kwangila da kuɗinsa daban, a damƙa shi ga mutum ɗaya. Kafin mai POP ya kafa allo ko ɗaya, mai gida ko wakilinsa ya hau da tocila ya bi kowane jan layi, a ɗauki hoton kowane rami da waya, a manna takarda a gefensa mai ɗauke da abin da aka sa da ranar da aka sa. A riƙe wani kaso na kuɗin mai wayarin da falamba har sai an yi wannan zagayen. Bayan an tare kuma, duk ma'aikacin da zai zo da na'urar huda bango, a gaya masa tun a bakin ƙofa cewa toshe ramin yana cikin jingar, kuma za a hau a duba kafin a sallame shi.