Yadda ake amfani da kalmar GOAT ba tare da an jawo faɗa ba

Daren da Ajantina ta doke Faransa a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Katar, 18 ga Disamba 2022, ƙanena ya ɗora hoton Messi a WhatsApp, ya jera 'yan akuyoyi uku a ƙasa. Na kira shi na ce, "Kai Auta, ba ɗazu kake ihun murna ba? Me bawan Allah ya yi maka?" Ya yi dariya har da tari.

Ashe kirari ne. GOAT haruffan farko ne na Greatest Of All Time, wato gwanin da ba a taɓa yin irinsa ba, sai aka yi dace haɗuwarsu ta ba da sunan akuya a Turanci. Ana danganta ta da ɗan damben Amurka Muhammad Ali, wanda matarsa Lonnie ta yi wa kamfani rajista da wannan suna a 1992. Kafin nan, a wasannin Amurka, wanda ya jawo wa ƙungiyarsa rashin nasara shi ake ce wa goat.

To, in za ka rubuta, sa manyan baƙaƙe. In da Turanci ne, kada ka manta da "the": "Messi is the GOAT". Wannan 'yar kalma ita ce ta raba yabo da zagi, don a Legas in aka ce maka "you be goat", ba gwani ake nufi ba, dabba ake nufi. A hirar majalisa kuwa "Ronaldo ne GOAT" ta wadatar, sai dai ka shirya wa musu har a tashi.

Da gaske, sai wanda ya shekara yana abin a zo a gani ake ba wa. Yaron da ya ci ƙwallo biyu jiya bai kai ba, ko me magoya bayansa za su ce. Da wasa kuma ko mai shayin layinku ya cancanta, in hannunsa na da daɗi.

Abin da na fi jan kunne a kai: kada ka fassara ta. "Akuya" a bakinmu cin mutunci ne, "bunsuru" ya fi muni. Kuma ka duba wa kake tura wa. Auta ya taɓa saka akuyar nan ƙarƙashin hoton Kawu a dandalin dangi, sai da Inna ta kai shi har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri.