Kada ka yi gaggawar barin kwalejin shekara biyu

Duk wanda ya sauka Bronx a birnin New York ya fara karatu a kwalejin shekara biyu irin Hostos ko Bronx Community College, ba ya cika wata shida sai waya ta fara shigowa daga gida: "To, yaushe za ka shiga jami'a ta gaske?" Wannan tambayar ta tayar da yaranmu da yawa tun lokaci bai yi ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ƙanena, zauna mu yi lissafi. Digirin farko a Amurka kiredit 120 ne (ma'aunin nauyin darussa) a yawancin fannoni. Kwalejin shekara biyu tana ba ka kusan 60, rabin tafiya ke nan, kuma da sauƙin kuɗi: a 2024 mazaunin jihar New York yana biyan dala 4,800 a shekara a ƙananan kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, a manyan kuwa, irin su Lehman da Hunter da City College, dala 6,930. Wanda ya san yadda mai NCE yake shiga aji biyu a jami'o'in Najeriya ya fahimci tsarin.

Shawarata ita ce ka tsaya ka karɓi takardar AA ko AS, wato shaidar kammala kwalejin shekara biyu, kafin ka tashi. Tun 2013 CUNY take da tsarin Pathways, kuma wanda ya zo da ɗaya daga cikin takardun nan biyu ana ɗauka ya gama darussan bai-ɗaya na kiredit 30 da kowa yake yi. Wanda ya fita a tsakiya sai a bi darussansa ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ya cike wane gurbi.

Amma ka duba haruffan da kyau. Takardar AAS, wadda ita ma ta shekara biyu ce, daban ce, an tsara ta ne don mai son kama aiki nan take. Na taɓa zama da wani yaro mai AAS a bakin masallaci bayan sallar Juma'a, ya zaro takardar sakamakonsa daga aljihu, duk ta lanƙwashe. Shekara biyu yana karatu da rana, yana gadi da dare. Muna bin layi da yatsa muka ga darussa da dama an karɓe su, amma ba su shiga lissafin fannin da yake so ba. Ya yi shiru ya ninke takardar. Haka ma darussan gyaran Turanci na sababbin zuwa, galibi ba a ƙirga su a digiri.

Shi ya sa tun zangon farko za ka zaɓi inda ka nufa, ka je wurin mai ba ɗalibai shawara da jerin darussan wancan fannin a hannu. Mai son injiniya ko aikin jinya ya fi kowa buƙatar haka, domin darussansu a jere suke kamar matakala, wani lokacin ma tashi da wuri shi ya fi masa.

Idan da tallafin Pell na gwamnatin tarayyar Amurka kake karatu, ka sani zango 12 ne iyakarsa a rayuwa, duk darasin da ya tafi a banza daga ciki ya ci. Mai bizar ɗalibai ta F-1 kuma kada ya motsa sai an mayar da bayanansa na SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗaliban ƙasashen waje, sabuwar makaranta, ta ba shi sabuwar I-20, takardar da ke shaida cewa ɗalibinta ne. Masu son shiga manyan kwalejojin CUNY a zangon kaka su miƙa takarda kafin 1 ga Fabrairu, wato tun kana cikin shekararka ta biyu za ka fara cikewa.