Karter na ɗigar mai: yadda ake sauke shi a maida ya kame

Tsohuwar mota idan ta kwana wuri ta bar baƙin tabo a ƙasa, kowa karter yake zargi. Karter shi ne kwanon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin inji inda baƙin mai yake taruwa. Idan ka tsallaka Mubi ko Yola neman kaya, can botom filet za ka ji ana ce masa. Sai dai mai gangarowa yake yi, kuma duk inda ya fito a jikin inji, a bakin karter yake tsayawa kafin ya ɗiga. Shi ya sa za ka ga an sauke karter sau biyu, an kashe kuɗin mai da na aiki, tabon yana nan yadda yake.

Don haka kafin a taɓa kile, wato sifana, a wanke injin tas daga sama har ƙasa da gazuwal, wato man dizal, da buroshi, a bi da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe. Sai a samo hodar jarirai a barbaɗa ta a bakin karter zagaye, da gindin filta, da ƙasan murfin saman inji, da mahaɗar inji da giya. A tada motar ta yi minti goma sha biyar zuwa ashirin, a shiga ƙasa da tocila. Mai zai ja baƙin layi a kan farar hoda, ka bi shi sama har inda ya faro. Idan ya faro daga murfin saman inji, ko daga ɗan abin da ke kunna jar fitilar mai, ko daga robar filta, to karter ba shi da laifi. Idan daga tsakanin inji da giya yake fitowa, wannan juwan-sifi ne, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bayan karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, aikin sauke giya ne, wata magana ce dabam. A shinshina man ma: na giya yana da wari mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na inji ƙauri yake yi.

Akwai abu guda da ake yawan tsallakewa. Injin da ya tsufa yana tura iska daga saman fistan zuwa ciki, iskar nan kuma tana da hanyar fita ta wani siririn tiyo da ɗan bawul a kan murfin saman inji. Ƙurar hunturu da daskararren mai suna toshe shi. Da ya toshe, iskar sai ta nemi wurin da ya fi rauni ta turo mai waje. A cire bawul ɗin a girgiza. Mai lafiya yana yin ƙaras-ƙaras, wanda ya yi shiru ya cushe. Idan ba a gyara wannan ba, ko juwan ɗin kamfani aka sa, wato shimfiɗar da ke tsakanin karter da inji mai hana mai fita, zai sake tsatsa.

Kafin zuwa kasuwa a san irin haɗin da injin yake da shi. Wasu karter da juwan suke zama, na roba ko na liyej mai kama da ɓawon itace. Wasu kuwa tun daga kamfani ba su da juwan sam, silikon ne kawai. Corolla da Carina masu inji 4A-FE, waɗanda suka cika titunan Garwa da Marwa da Ngaundare, suna cikin na biyun. Yanka kwali ko tsohon tub na taya a cusa musu da sunan juwan ɓata lokaci ne. Silikon ɗin kuma a nemi na inji, baƙi ko ruwan toka, wanda aka rubuta a jikinsa yana jure mai da zafi. Wanda masu gilashi da tagogi suke aiki da shi, mai warin tsami kamar binegar, mai yana narka shi a hankali. A matsa tub ɗin silikon tun a shago: idan ya yi tauri a ciki, ya daɗe a rana, a bar shi. Sai sabon filta, da sabuwar washar bulon bidanj, wato ƙusar da ake kwancewa a zubar da mai, da mai. Ƙaramar Corolla tana shan lita uku da 'yan kai, Hilux mai gazuwal wajen lita shida. Ga tsohon injin fetur a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da awo yake wuce digiri 40 a Marwa da Kuseri da Njamena, mai mai lamba 20W-50 ya fi dacewa. Masu gazuwal galibi 15W-40 ne.

Idan akwai ramin garaji, shi ya fi. Idan babu, a nemi ƙasa mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya, a ɗaga da kirik, sannan a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe ko manyan gungumen katako. Kirik ɗagawa kawai yake yi, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa. Bulon siminti kuma yana fashewa ba tare da ya ba da alama ba. A kan yashi a shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin kowace ƙafa. A cire kan batir na baƙin waya, domin hannu zai yi aiki kusa da sitata.

A zubar da man yana da ɗumi, ba da zafin da zai ƙona hannu ba, a bar shi ya tsiyaye sosai. Daga nan a kwance abin da ya tare hanya. A Corolla yawanci bututun salansa na gaba ne, da ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin inji daga gaba zuwa baya, da 'yar farantin da ke rufe filawul, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giya. Notocin salansa sun sha wuta da tsatsa, a jiƙa su da mai tun daren jiya. A manyan motoci masu jan ƙafa huɗu akwai farantin kariya, wani lokaci kuma sai an sassauta ƙafafun inji an ɗan ɗaga shi. Idan za a ɗaga, kada a sa kirik kai tsaye a ƙarƙashin karter, zai lotsa.

Bulolin karter ƙanana ne, galibi kile mai lamba 10. A huda kwali da siffar karter a riƙa soka kowane a gurbinsa, don a wasu injuna tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga gurbin gajere zai tsaya kafin ya matse komai. A bar biyu a sassauce, ɗaya kowane gefe, kada kwanon ya faɗo maka a fuska da ragowar mai. Mai juwan, bugu biyu da gudumar roba ya isa ya saki. Mai silikon kuwa ya manne kamar an yi masa walda. A nan ne ake ɓarna: a cusa sukudireba a banƙare, bakin karter ya lanƙwashe, jikin inji ya sami tabo. A yi amfani da siririyar wuƙa mai faɗi, a tura ta tsakani ana bugun gefenta tana tafiya tana yanka silikon har ta zagaye. A kula musamman ta gaba, inda fanfon mai yake, da ta baya wurin mazaunin juwan-sifi, don waɗannan alminiyom ne, ba sa jure ƙarfe.

Da karter ya sauko, kada a yi saurin wanke shi. A karkata shi a rana a duba gindinsa. Baƙin laka mai kauri alamar bidanj ne, wato canjin mai, da ake jinkirtawa. Ƙyalli mai launin jan ƙarfe ko fari-fari kamar garin gwangwani kuwa kusine ne yake cinyewa, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, wanda wasu ke kira metal, kuma gara mai mota ya ji wannan labari tun yanzu. A duba kirefin, wato bututun da ke tsotso mai, mai 'yar raga a baki. Sau da yawa za ka tarar da gutsattsarin tsohon silikon sun liƙe a ragar kamar tsutsotsi. A kwance shi a wanke, a canja ɗan juwan ɗinsa, domin idan ya sha iska ta nan, fanfo ba zai ba da ƙarfi ba.

Motar da ke bin hanyar Mora zuwa Kuseri ko ke tsallaka mayo, wato rafi, da rani da wuya karter ɗinta ya rasa duka. Lotsawa a gindi ba wasa ba ce: tsakanin bakin kirefin da ƙasan karter 'yar tazara ce da ba ta wuce santimita ɗaya ba, idan dutse ya tura ƙarfen sama sai mai ya kasa shiga. A kifa shi a kan katako a buge lotsawar daga ciki. Sannan a dubi bakin, nan ne asalin aikin. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kansa a hango haske. A karter na ƙarfe, kowane rami da aka taɓa ɗaure wa bulo fiye da kima ya tashi kamar ɗan tudu, shi ne yake taɓa inji ya bar tsakanin ramukan a buɗe. A tokare bakin da ƙarfe mai faɗi a ƙasa, a riƙa ƙwanƙwasa tudun da ƙaramar guduma har ya kwanta, rami bayan rami. Tsaga ƙarama a jikin ƙarfe mai walda zai iya rufe ta, amma sai an sauke an wanke. Walda a jikin mota da tururin mai da fetur a ciki gobara ce. A gwada bayan walda: a zuba kananzir a ciki a bar shi awa ɗaya a kan busasshen kwali. Wanda tsatsa ta cinye ya zama kamar rariya, ko na alminiyom da ya tsage har baki, a nemi wani kawai. Na hannu da ake cirewa daga injunan da aka shigo da su ya fi sabo mai laushin ƙarfe, amma a tafi da tsohon a haɗa su baki da baki, a ƙirga ramuka, a dubi zurfi da inda bulon bidanj yake.

Sai tsabta. A kankare tsohon silikon ko juwan daga fuska biyun har ƙarfe ya fito, da reza a kwance, ba tare da ƙarce alminiyom ba. A tsokale ramukan bulo ma. A goge da tina ko barasar asibiti a kan tsumma mai tsabta. Fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin hanya ba abin dogaro ba ne a nan, idan an gauraya shi da kananzir yana barin maiƙo. Injin zai ci gaba da ɗigo daga ciki na ɗan lokaci, musamman ta baya, kuma ɗigo ɗaya a kan fuskar ya isa ya hana silikon kamawa a wurin. A jira ya tsaya, a sake gogewa dab da ɗorawa. Ranar da iska ke ɗauke da ƙura, a yi wannan sashe a cikin rumfa.

Silikon a zana shi a bakin karter layi ɗaya mara yankewa, kaurin milimita 3 zuwa 4, kamar tsinken ashana biyu a haɗe, ya bi ta gefen ciki na kowane rami. Ba a shafe shi da yatsa, ba a kuma ƙarawa don a tabbatar. Rarar da ta fito waje, irinta ta fito ciki, kuma cikin kirefin za ta tafi. Minti biyar kake da shi kafin ya fara yin fata, a zafin rana ma bai kai haka ba, don haka bulo da kile su kasance a hannun yaro tun kafin a buɗe tub. A ɗaga kwanon a miƙe ya zauna sau ɗaya, kada a ja shi gefe. Idan juwan ne na roba, a busashe ake sa shi, sai ɗan ɗigon silikon a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. Na liyej a ɗan manna shi da karter don kada ya zame.

A sa dukkan bulolin da hannu tukuna, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, wannan gefe sai wancan, a zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da suke so kaɗan ne ƙwarai: yawancin masu lamba 10 tsakanin 8 zuwa 10 na awon niyuton-mita, na 4A-FE ma wajen 5 kacal. Wanda ba shi da kile mai awo ya riƙe kilen kusa da kai, ya ɗaure da wuyan hannu ba da kafaɗa ba. Da ka ga juwan ya fara kumburo waje, ka wuce iyaka. Bulon da ya karye, idan guntunsa ya leƙo, a yi masa waldar noti a juyo shi. Kada a bar gurbinsa fanko da fatan silikon zai rufe.

A ba silikon aƙalla awa biyu kafin a zuba mai, idan motar za ta iya kwana ya fi. A sa sabuwar washa a bulon bidanj, a ɗaure shi tsakanin 30 zuwa 40 na awon niyuton-mita. Idan zarensa ya cinye, a sake yanka zare a sa bulo mai ɗan girma, ba a naɗa masa leda ko zaren buhu. A shafa mai a robar filta a ɗaure da hannu. A zuba mai, a tada injin ba tare da taka totur ba, ido a kan jar fitila: idan ta wuce daƙiƙa biyar ko shida ba ta mutu ba, a kashe nan take a bincika. A bar shi ya yi zafi, a kashe, a jira minti biyar a duba sandar awo a cika. A sake barbaɗa hoda a bakin karter, a duba bayan tafiyar yini ɗaya. Juwan ɗin liyej yana kwantawa bayan ya sha zafi, don haka a sake bin bulolinsa a hankali bayan kwana biyu. Na silikon kuwa ba a sake taɓa shi. Tsohon man a juye shi a jarka mai murfi a kai wa masu saye, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.