Yadda za ka yanka wa ma'aikaci aiki, ka kuma auna shi ba tare da rigima ba

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a Abuja ya san fom ɗin APER, wato takardar auna aikin ma'aikaci ta shekara-shekara. Shekara ta ƙare, a miƙo maka takarda, ka cike abin da ka iya tunawa, oga ya sa maki, a kai fayil a ajiye. An daɗe ana kukan cewa mai ƙwazo da mai zaman dumama kujera kusan maki ɗaya suke tashi da shi. Shi ya sa a shirin gyaran aikin gwamnatin tarayya na 2021 zuwa 2025, zamanin shugabar ma'aikata Folasade Yemi-Esan, aka ɗauko tsarin da ma'aikaci da shugabansa za su amince tun farkon shekara kan abin da za a yi. Ba sai kana Sakatariyar Tarayya ba. Ko yara biyar gare ka a shago a kasuwar Wuse, hanyar ɗaya ce.

Fara da zama da mutumin, ku biyu. Kada ka rubuta abinka a gida ka zo ka karanta masa kamar hukuncin kotu. Faɗa masa inda wurin aikin ya dosa bana, ka tambaye shi wane kaso zai iya ɗauka. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya yi bayaninta tun 1954, amma har yau shugabanni na tsallake ta saboda suna ganin tambayar na ƙasa zubar da girma ne. Alhali abin da mutum ya furta da bakinsa ya fi wuyar musantawa.

Na biyu, ka sa adadi da rana. "Ka dage" ba aiki ba ne. "Ka yi iya ƙoƙarinka" ma haka. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya nuna tun 1968 cewa mutane sun fi taɓuka abin kirki idan an ba su takamaiman buri mai ɗan wuya, a kan a ce musu su yi bakin ƙoƙarinsu. Maimakon ka ce wa magatakarda ya rage jinkiri, ce masa duk wasiƙar da ta shigo ta samu amsa cikin kwana 3. Maimakon ka ce wa mai talla ya nemo kwastomomi, ce masa sababbin shaguna 10 a Kubwa kafin ƙarshen Maris.

Sai dai a nan ne ni na ƙone, don haka bari in ɗan tsaya. Lokacin da nake kula da masu kai kaya shaguna a wani kamfani, na yanka wa wani yaro katan 400 a wata. Wata bai ƙare ba ya zarce. Na yabe shi a gaban kowa, har da ɗan ihsani. Bayan mako biyu akanta ya shigo da littafi a hannu, fuskarsa ba walwala. Ashe fiye da rabin kayan bashi yaron ya rabar, daga Utako har Nyanya, wasu masu shagon ma ko lambar wayarsu bai karɓa ba. Na kira shi ina huci. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, ai katan ka ce, ba ka ce kuɗi ba." Na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce. Tun daga ranar, duk adadin da zan ba mutum sai na tambayi kaina: ta wace ɓarauniyar hanya za a iya cika wannan? Sai in toshe ta da sharaɗi na biyu. Katan 400, amma wanda kuɗinsa ya shiga asusu.

Na uku, ka auna mutum da abin da ke hannunsa. Idan sito babu kaya, ko motar kamfani ta kwana wurin bakanike, ba laifin mai talla ba ne. A takardar da kuka rubuta nasa alkawarin, rubuta naka: mota, kuɗin mai, katin waya, horo. Kuma kada buri ya wuce uku ko huɗu.

Na huɗu, ku riƙa waiwaye. Minti 15 a ƙarshen kowane wata ya isa: ina aka kwana, me ya tsaya, me kake buƙata daga gare ni? Ka tanadi ɗan littafi, ka rubuta kwanan wata da abin da aka faɗa. In ba haka ba, watan Disamba na zuwa abin da za ka tuna shi ne kuskuren makon jiya, ka manta wahalar da ya sha a Fabrairu. Idan farashi ya tashi ko kasuwa ta juya, ku gyara adadin a rubuce, ba a baki ba.

Ranar awo, ka ja ƙofa, kada ka yi a gaban abokan aikinsa. Bar shi ya fara faɗin yadda yake ganin ya yi. Sau da yawa za ka tarar ya fi ka tsananta wa kansa. Sannan ku buɗe takardar farkon shekara ku bi ta layi-layi, da rasit da littafi a gefe. Nan ne jarrabawar taka take, musamman in ɗan garinku ne, ko wanda wani babba ya kawo da ɗan kati. Makin da takarda ta nuna shi za ka ba shi, ko da gobe za ku haɗu a wurin ɗaurin aure.

Wanda ya cika, ya gani a ƙasa: ƙarin albashi, ƙarin girma, ko aƙalla takardar yabo a fayil ɗinsa. Wanda ya gaza, ku gano ko rashin sani ne, ko rashin kayan aiki, ko lalaci, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ba shi wata uku da abu ɗaya ko biyu da zai gyara. Kafin ya tashi daga kujera, ku sa ranar da za ku zauna rubuta na baɗi, kowa ya sa hannu, ya tafi da kwafinsa.