Mota na karkarwa in ka tashi daga tsaye? Ga abin dubawa

Kar ka fara da balansin taya, karkarwar taya sai an yi gudu take fitowa. Buɗe bonet, ka ja hambirki ka take birki sosai, in otomatik ce sa giya a D ka ɗan taɓa totur, wani ya tsaya a gefe, ba gaban mota ba don Allah, in ya ga inji na ɗagowa sosai to injin sit, wato robar da inji ke zaune a kai, ne ya mutu.

In mai kuloci ce kuma tana rawa daidai lokacin da kake sakinsa, faifan kuloci ne, ko mai ya zubo masa. Wadda karkarwar ke ɗaukewa da ka cire ƙafa daga totur kuwa, leƙa shaf ɗin ciki, wato mahaɗin sandar da ke juya taya ta gefen giya, galibi robar ta yage giris ya tsiyaye. In ko a silo ma, wato mota na tsaye inji na aiki, tana yi, a duba fulogi da koyil.