Darasi na Bakwai: Wane Ƙwaro Ne Wannan?

Mai lambu a Aliero ko a fadamar Argungu ya san fara, ya san gara. Amma wata rana sai ka tarar da baƙon ƙwaro a kan shukarka. Kada ka yi saurin ɗauko famfon feshi. Duba tukuna.

Je lambu da sassafe. Juya ganye ka dubi bayansa, don can ƙwari suka fi ɓuya. Ganyen da aka huda ko aka gatsa, aikin tsutsa ne ko fara. Wanda ya nannaɗe, ya koma ruwan ɗorawa, yana danƙo a hannu, tsotse shi ake yi. Sau da yawa darɓa ce ko farin ƙuda. In ka ga kiyashi na hawa da sauka a kan wake, bi su da ido. Zaƙin da darɓa ke fitarwa suke zuwa sha.

Ƙwaron albasa ya fi wuyar gani. Siriri ne, bai wuce milimita 2 ba, yana maƙale a wuyan albasa tsakanin ganye. Alamarsa farin zane-zane ne a jikin ganyen. Yagi farar takarda, ka tara a ƙasa, ka kaɗa ganyen. In yana nan, za ka ga ɗigo-ɗigo suna motsi.

Tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016 kuwa, karatunku zai yi amfani a kanta. Buɗe tsakiyar masarar. Za ka ga kashinta kamar dusa. Ɗauko ta ka dubi kanta: akwai harafin Y a kife. Kusa da wutsiya kuma akwai baƙaƙen ɗigo 4, biyu gaba, biyu baya. A tumatir, tsutsar da manoma ke kira sharon tana shiga cikin ganyen ne, ta cinye tsokar, ta bar fata fara.

Ba kowane ƙwaro ne ɓarawo ba. Ɗan jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo, mai doron baya, darɓa yake ci. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo mafarauta ne. Ƙudan zuma ke sa kabewa da kankana su yi 'ya'ya. Feshin kan-mai-uwa-da-wabi yana kashe su duka, ga asarar kuɗi. Kuma mai sayar da magani a kasuwa bai ga lambunka ba, maganinsa yake son sayarwa.

In ka kasa gane ƙwaron, saka shi a kwalba tare da ganyen da ya ci, ka kai wa malamin gona. Mai waya ya ɗauki hoton ƙwaron da na ɓarnar.

Aikin gida: Nemo ƙwaro ɗaya a lambu. Rubuta sunan shukar, da launin ƙwaron, da yawan ƙafafunsa, da inda ka same shi. Kawo kwalbar aji.