Lambar IP dinka aro ce, ga yadda zaka gane irin wadda kake kai

Wani dan'uwa mai shagon abaya a Jiddah ya kirani hankalinsa a tashe, wai ya saka kyamara a shago, jiya yana kallo ta waya daga gida lafiya lau, yau kuma shiru. Da na je na duba kyamarar garau take, lambar IP ce ta canza.

IP din nan adireshi ne da kamfanin intanet yake ara maka na wani lokaci. Tsohon tsarin IPv4 lambobi wajen biliyan 4.3 kawai gareshi, kuma tun Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar ta kare, shi yasa ake karba-karba.

Gwada da kanka. Kana kan wayfay din gida ka bude shafin ifconfig.me ka rubuta lambar da ya nuna maka a takarda. Kashe wayfay ka kunna datar shariharka, wato layin wayarka (SIM), STC ce ko Mobily ko Zain, zaka ga wata lambar daban. Saka wayar a yanayin jirgi ka cire, yawanci ta sake canzawa, domin a layin waya jama'a da yawa ne suke fita ta lamba daya kamar 'yan gidan haya da kofa daya, ana ce masa CGNAT. Lambar intanet din gida na fayiba ta fi dadewa, takan yi kwanaki, amma in an kashe rauta, wato na'urar da ke baka wayfay, ko wa'adin aron ya cika tana iya sauyawa.

Wanda yafi muhimmanci, kuma shi mutane suke tsallakewa: shiga rautarka ta hanyar rubuta adireshinta a burauza, galibi 192.168.1.1, kalmar sirrin tana makale a bayanta, ka nemo inda aka rubuta WAN IP. In tayi daidai da ta takardarka to madalla, ka yi rajistar DDNS kamar No-IP, suna ne da zai rika bin lambar duk inda ta koma. In kuwa ka ga ta fara da 10 ko tsakanin 100.64 zuwa 100.127, dan Allah kar ka bata darenka kan DDNS, ba zai yi ba, kana bayan CGNAT ne. Sai dai ka nemi tsayayyar lamba a wajen kamfani, da kudi, ko kayi amfani da manhajar kyamarar mai sikanin QR.

Shi dan'uwan namu rauta mai shariha ce a shagon, lambarsa 100.72 ta fara, manhajar muka saka masa kafin a kira la'asar.